Furen Hurumi: Abin da Damina ta Tono a Ƙasar Magarya

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai saukar da ruwa a lokacin da Ya so, a inda Ya so, gwargwadon da Ya so. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Allah Ya ƙara yarda ga Maulanmu Shehu Ahmadu Tijjani da halifofinsa da duk waliyyan Allah. Bayan haka:

Ya 'yan'uwa ahbabu, a ƙarshen watan Yuli, ana gab da shiga marka, Allah Ya kai ni jana'izar wani ɗan'uwanmu a ɗariƙa, a wani ƙauye da ke tsakanin Magarya da Dungas. Dattijo ne wanda ya yi shekaru shi ke shimfiɗa farin ƙyalle a wurin wazifa, kuma ba a san shi da wani muƙami ba bayan wannan. Allah Ya jiƙansa. Duk wanda ya san ƙasar nan ya san yadda take a irin wannan lokaci: gero ya wuce gwiwa, an gama noman fari ana shirin maimai, gonaki sun haɗe da juna babu tazara, gawo kuma yana tsaye a tsakiyarsu babu ganye ko ɗaya. Wannan duk mun saba gani. Abin da ya tsayar da ni a ranar yana cikin maƙabarta.

Maƙabartar tsohuwa ce, an kewaye ta da shingen aguwa da ƙaya tun zamanin kakanni. Da muka shiga da gawa sai na ga kamar an shimfiɗa darduma. Tsidau ya bi ƙasa da 'yan furanninsa rawaya. Gasaya ta miƙe da farin furenta mai dogayen gasu kamar gashin bakin kyanwa. Karkashi ya buɗe nasa, mai kama da furen riɗi. Tafasa ta fara ɗaura rawaya a ƙarƙashin ganye. A gefen da ruwa ke kwanciya duman kada ya yaɗu da manyan furanni masu launin shunayya, yaɗiya kuma ta nannaɗe shingen gaba ɗaya. Zuma tana ta kai da kawo, ga malam-buɗe-littafi iri-iri, har na ce a raina ko wannan ƙwaro da Bahaushe ya raɗa wa sunan malami shi ma ya zo rakiya ne.

Bayan an rufe kabari an yi addu'a, sai na leƙa bayan shinge. Taku uku ne tsakani. Fili ne na kowa da kowa: nan ake bi a je rijiya, nan ake ɗaure jakuna ranar kasuwa, nan awaki ke yini. Babu komai a wurin sai rairayin da aka tattake, da garmani tsilli-tsilli, wanda ko akuya ba ta waiwayarsa.

Akwai wani tsoho mai kula da maƙabartar. Na ce masa, "Baba, wa ya shuka muku waɗannan furanni?" Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, me ake shukawa a maƙabarta in ban da mutane? Iri yana ko'ina, har can waje. Na waje ƙafa ce ta hana shi."

Wannan magana ta bi ni har gida, kuma ita ce dalilin wannan rubutu.

Abin da tsohon ya faɗa gaskiya ne, masana tsirrai ma haka suka gano. Rairayin nan da muke gani kamar matacce a watan Afrilu da Mayu, wanda ba ya takuwa sai da takalmi, cike yake da iri. Kowace ƙwaya tana kulle cikin ɓawonta tana jira. Wata ta jira wata takwas ko tara, wata ta jira shekaru. Kuma ba duka suke tsirowa da ruwan farko ba. Allah Ya taurara ɓawon wasu, ta yadda in ruwan farko ya zo ya ɗauke, waɗanda suka yi gaggawa suka ƙone, akwai na baya da za su maye gurbi. Manomin da ya taɓa yin binne, ya zuba gero cikin busasshen rairayi alhali babu ko girgije a sama, ya san wani abu daga wannan sirri, ko da bai iya faɗarsa da baki ba.

Yanzu ku buɗe Suratul Hadid. A aya ta 16 Allah Maɗaukakin Sarki yana jan kunnen muminai a kan jinkirin da zukatansu suka yi wajen rusunawa ga ambatonSa, yana kuma gargaɗinsu da halin mutanen da suka gabata, waɗanda tsawon zamani ya busar musu da zukata. Aya ta 17 da ke biye da ita kai tsaye sai ta koma zancen ƙasa, da yadda Allah Yake mayar mata da rai bayan ta bushe ta mutu. Me ya haɗa zuciya da ƙasa? Malaman tafsiri sun ce jerin ba a banza ya zo ba: Wanda Yake tayar da matacciyar ƙasa da ruwa Shi ne Yake tayar da busasshiyar zuciya da zikiri. Ayar farko tsawa ce, ta biyu kuma ruwan da ke bin bayan tsawar. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah Ya ƙara masa yarda, cewa shekara huɗu ce tsakanin musuluntarsu da wannan jan kunne. Sahabbai ke nan, suna ganin fuskar Ma'aiki safe da yamma, aka ja musu kunne bayan shekara huɗu. Ina ga mu?

Wannan aya ce kuma ta kama Fudailu ɗan Iyad. Ɗan fashi ne mai tare hanya a ƙasar Khurasan. Wani dare yana hawan katanga don wata buƙata ta son zuciya, sai ya ji ana karanta ta a cikin gida. Ya sauko daga katangar mutum daban, ya ƙare rayuwarsa a Makka yana cikin manyan masu gudun duniya, ya rasu a shekara ta 187 bayan hijira. Shin a wannan daren aka shuka masa imani? A'a. Irin yana nan tun tuni a ƙarƙashin rairayi. Ruwa ne ya sauka.

To in haka ne, 'yan'uwa, ga tambayar da ta daɗe tana damuna. Mutum biyu sun karɓi wuridi rana ɗaya, a hannun muƙaddami ɗaya, da izini ɗaya, suna zama a sahun wazifa ɗaya. Bayan shekara goma sai ka ga ɗaya ya yi laushi, harshensa ya tsarkaka, matarsa da maƙwabtansa sun shaida canjinsa. Ɗayan kuma yana nan yadda yake, in ma bai ƙara tauri ba. Sau da yawa na biyun yakan zo yana ƙorafi: ko izinin ne bai inganta ba, ko a ƙara masa wani sirri, ko ya sake muƙaddami. Ni dai abin da na gani a maƙabartar nan ya ba ni amsa. Girgije ɗaya ne ya zubar a ciki da wajen shingen. Rairayi ɗaya ne. Iri ɗaya ne. Fiɗirar da Allah Ya halicci bawa a kanta tana nan, madadi kuma bai yanke ba. Abin da ɗaya yake da shi ɗayan ba ya da shi, shinge ne. Zuciyar ɗaya hurumi ce, ta ɗayan kuwa hanyar rijiya ce: kowane zance ya bi ta kanta, kowane kallo ya ɗaure jakinsa a cikinta, kowace gulma ta yini tana kiwo. Da safe lazimi ya tsirar da wani abu, kafin azahar an tattake shi.

Wannan misali ba ƙirƙirata ba ce. Ku tuna hadisin Nu'umanu ɗan Bashir da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda yaranmu ke haddacewa a cikin Arba'una Hadisi. A cikinsa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya raba al'amura uku, halal da haram da masu shubuha a tsakani, ya kwatanta mai kutsawa cikin shubuha da makiyayin da ke kiwo a bakin keɓantaccen fili, wanda ko ba jima ko ba daɗe dabbarsa za ta faɗa ciki. Ya bayyana cewa abubuwan da Allah Ya haramta su ne keɓantaccen filinSa. Sannan a ƙarshen hadisin nan dai, ba a wani ba, ya kawo zancen tsokar da gyaruwar jiki da ɓacinsa suka rataya a kanta, wato zuciya. Ku duba: zancen keɓantaccen fili da zancen zuciya a numfashi ɗaya.

Wannan keɓantaccen fili shi Larabawa suke kira hima, mu kuma muke cewa hurumi. Abu ne da sahabbai suka sani da idonsu. Ma'aiki ya keɓe wani kwari da ake kira Naƙi'u a yankin Madina don dawakin Musulmi su sami ciyawa. Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza da Sharaf. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa yadda Umar ya yi wa ma'aikacin da ya ɗora a kan hurumin wasiyya, wani bawansa mai suna Hunayyu. Ya umarce shi ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, amma ya hana garken Abdurrahman ɗan Aufu da na Usman ɗan Affan. Dalilinsa shi ne, waɗannan biyun in dabbobinsu suka halaka suna da gonaki da dabino da za su koma wa, shi kuwa talaka sai dai ya kwaso 'ya'yansa ya zo ƙofar Umar. Manyan sahabbai biyu, cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, aka tsayar da dabbobinsu a bakin shinge saboda talaka. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ba sai mun je Madina ba ma, a nan ƙasar Magarya Allah Ya nuna mana aya da idonmu. Waɗanda suka manyanta sun tuna farin 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985. Sun tuna lokacin da aka koma sussukar ƙarangiya da jiƙa anza don a sami abin sawa a baki. Itatuwa da yawa sun mutu, waɗanda suka rage aka sare aka sayar aka sayi hatsi. Gonaki suka zama fayau, iska ta riƙa binne shuka da rairayi, mutum ya yi shuka sau biyu ko uku kafin ta kama. Doka kuma a lokacin ta ɗauki itace a matsayin na gwamnati ko da a gonarka yake, saboda haka manomi bai ga dalilin rainon abin da ba nasa ba. An yi ta kawo ayyukan dashe, an kashe kuɗi masu yawa, mafi yawan abin da aka dasa bai rayu ba.

Sai daga shekarun 1980 manoma suka canza yadda suke sassabe. A da, in rani ya ƙare mutum yakan bi gona ya share duk wani toho da ya fito daga kututture, ya tara ya ƙone. Sai aka gane cewa kututturen nan ba matacce ba ne: saiwarsa tana raye a ƙarƙashin ƙasa, ta yi nisa, kowace shekara tana turo toho ana sarewa. A jihar Maraɗi wani masanin noma ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, ya fara yaɗa wannan dabara tun 1983. A nan wajenmu kuwa galibi manoma ne suka ɗauka daga junansu, maƙwabci ya gani a gonar maƙwabci. Binciken da Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka yi a 2006 ya ƙiyasta cewa gonakin da itatuwa suka dawo musu ta wannan hanya a Magarya da Mirya da Matamai sun kai kusan hekta miliyan 1, mafi yawansu gawo. Lokacin Dungas tana cikin Magarya, sai a 2011 ta zama gunduma mai zaman kanta. A Nijar baki ɗaya ana maganar hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. Baƙi suna zuwa daga ƙasashe masu nisa su ga abin da muka saba wucewa ta gabansa a kan amalanke ba mu ɗaga kai ba.

Yaya ake yin sa? Mutum ya tsaya a kan kututture mai toho goma ko ashirin, ya zaɓi biyu ko uku mafiya ƙarfi da miƙewa, ya yanke sauran, ya rage wa waɗanda ya bari rassan ƙasa, sannan ya tsare su daga akuya da gatarin mai neman itacen wuta. Shekara ta zagayo ya sake dubawa. Ke nan. Bai sayi iri ba, bai ɗebo ruwa ba.

Wallahi ban san wani misali da ya fi wannan kusa da tarbiyya ba. Shehin tarbiyya ba ya dasa wa muridi wata zuciya da ya kawo daga wani wuri. Yana duba abin da Allah Ya riga Ya ajiye ne, ya ga toho ashirin suna rige-rigen shan saiwa ɗaya: son a sani, son a girmama, son dukiya, son rinjaye a gardama, a cikinsu kuma akwai ɗan siririn toho guda na son Allah. Aikinsa ya nuna wanda za a bari, aikin muridi ya haƙura da zafin wuƙa. Ku lura ma da jerin lazimi da muke yi safe da yamma. Istigfari ɗari ne a gaba, sannan salatin Annabi ɗari, sannan hailala ɗari. A fahimtata, kuma Allah ne Mafi sani, istigfari shi ne sassabe, salati shi ne ruwa, hailala ita ce itacen da ake so ya tsaya shi kaɗai. Babu mai fara gini a kan juji.

Shi kansa gawo abin tsayawa ne a kai. Duk itacen daji yana ado da damina, shi kuwa lokacin yake zubar da ganyensa, har wanda bai san shi ba ya ce ya ƙi ruwan Allah. Alhali zubarwar nan ita ce alherinsa: ganyen ya zama taki daidai lokacin da shuka ke buƙata, rana kuma ta sami hanyar isa ga geron da ke ƙarƙashinsa. Shi ya sa geron gindin gawo ya fi na fili. In damina ta janye, kowa ya fara bushewa, sai ya yi ganye, ya fitar da fure mai ƙamshi da zuma ke bi, ya zubo 'ya'ya a tsakiyar rani lokacin da dabba ba ta da abin ci. Tun a ƙarni na 19 ake ba da labarin Sarkin Damagaram Tanimu ya hana sare gawo, ya sa horo mai tsanani a kan wanda ya taɓa shi. Akwai bayin Allah masu halin gawo. Ranar mauludi da taro ba ka jin muryarsu, ba sa cikin hoto. Ranar da kwano ya ƙare a gidan marayu, ko aka rasa mai wankan gawa, su za ka tarar. Dattijon da muka binne a ranar, ina kyautata zaton yana cikinsu.

Sai dai kada wani ya fita daga wannan magana da zaton cewa duk fure alheri ne. Nan da 'yan makonni, in gero ya fara fitar da kai, za ku ga wani fure mai jan-shunayya a tsakanin shuka, wanda a kyau dai ya fi duk waɗanda na lissafa a maƙabarta. Baƙon da bai san noma ba zai tsaya ya ɗauki hotonsa. Manomi kuwa in ya gan shi gabansa faɗuwa yake. Ƙuduji ke nan, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Irinsa ƙanana ne kamar ƙura, tsiro ɗaya yana zubar da dubun dubata, kuma suna iya kwana a ƙasa fiye da shekara goma. Ba ya tsirowa sai ya ji alamar saiwar gero ko dawa a kusa da shi. Daga nan ya maƙale mata yana tsotsa, makonni yana aiki a ɓoye kafin ya leƙo sama. Ranar da ka ga furensa, ɓarnar ta riga ta yi nisa.

Haka riya take, haka jiji da kai yake. Ba sa tsirowa a zuciyar da babu ibada. Sai mutum ya fara tsayuwar dare, ya fara jin daɗin zikiri, ya yi mafarki ɗaya ko biyu, sannan su farka su kama saiwar. Furensu kuma yana da kyau: magana mai daɗi a kan ma'arifa, kalmomin manya a bakin yaro, da'awar maƙamin da ba a taka ba. Muna ganin wannan a zamaninmu, musamman a wayoyin hannu, inda saurayin da bai gama gyara alwalarsa ba yake bayanin fana'i da baƙa'i, wani ma har ya kai ga sakin salla ko faɗin abin da shari'a ba ta yarda da shi ba, yana jingina shi ga Shehu. Alhali sananne ne cewa Shehu Tijjani, Allah Ya ƙara masa yarda, ya umarci almajiransa su auna duk abin da aka jingina masa da ma'aunin shari'a, su riƙe wanda ya dace, su watsar da wanda ya saɓa. Manomi ya san maganin ƙuduji: a tuge shi kafin ya zubar da iri, a fitar da shi daga gona a ƙone, sannan a ƙara wa ƙasa taki, domin ya fi ƙarfi a gonar da ta gaji. Alamar hali na gaskiya ita ce gero ya ƙaru. In fure yana yawa damin yana raguwa, ɗan'uwa, ka duba saiwa.

Yanzu bari in zo inda maganar ta fi nauyi, kuma da kaina zan fara.

Gonar gidanmu tana bakin burtali. Ƙasarmu ta cika da jama'a, gona ɗaya ta kakanni yau gida biyar ke ci a cikinta, babu sauran saura da ake bari ta huta. Kowace shekara in an zo huɗa, garma takan ƙara kunya ɗaya ta wajen burtalin. Babu wanda ya zauna ya shirya haka, kuma babu wanda ya hana. Wata Juma'a da yamma ina dawowa daga zikiri, carbi a hannuna, na tarar da ƙanena yana faɗa da wani yaro Bafulatani, shanunsa sun taɓa mana gero. Ana batun biyan ɓarna sai mahaifin yaron ya iso. Bai ɗaga murya ba. Ya kama hannuna ya shiga da ni cikin geronmu, ya nuna mini tsofaffin gindin gamba a jere, waɗanda kakanmu ya dasa don su zama iyaka. Na ƙirga daga nan zuwa inda geronmu ya tsaya: kunya bakwai. Ba shanunsa ne suka shigo gonarmu ba, gonarmu ce ta shiga hanyar shanunsa. Bahaushe ya kira tudun huɗa kunya, ya kira abin da na ji a ranar kunya, kuma a ranar na san dalili. Sai da muka yi shekara biyu ana ja-in-ja a cikin gida kafin aka mayar da iyakar inda take, domin kunya bakwai a tsawon gona dami ne masu yawa, kuma masu cewa a bari ba mugaye ba ne, 'ya'ya gare su.

Na faɗi wannan ne saboda na san ba mu kaɗai ba ne. Daga Bande zuwa Wacha, daga Malawa zuwa Dogo-Dogo, duk wanda ya kai shekara hamsin ya san faɗin burtalin garinsu a da, ya san faɗinsa yau. Hukuma ta yi nata: akwai dokar tsarin karkara ta 1993, akwai dokar kiwo ta 2010 da ta tabbatar wa makiyayi haƙƙin wucewa, akwai kwamitocin kula da filaye, a wasu wurare har an kafa turakun siminti. Amma turke ba ya tsare kansa. Mu da muke zama a sahun wazifa mun san abin da ya fi turke. Mun san hadisin Sa'idu ɗan Zaidu a Bukhari da Muslim, a kan azabar da ke jiran wanda ya ci ko da taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci. Mun san hadisin Sayyidina Ali a Muslim, inda aka ambaci mai canza alamar iyakar ƙasa cikin waɗanda aka la'anta. Wane buɗi mutum yake jira daga Salatul Fatihi hamsin, alhali tuwon da ya ba shi ƙarfin zaman ya fito daga burtali? Haƙƙin Allah istigfari yana wanke shi. Haƙƙin bayi sai an mayar. Wannan ma haƙƙin jama'a ne, ba ka san adadin masu shi ba balle ka bi su ka nemi yafiya. Umar ya tsayar da garken Ibn Aufu saboda mai 'yan tumaki, mu kuma mun tsayar da mai 'yan tumaki saboda kunya bakwai.

'Yan'uwanmu makiyaya, da yawanku kuna cikin wannan ɗariƙa, sahu ɗaya muke zama, saboda haka ku ma ga naku. Sakin dabba cikin shuka da dare zalunci ne, kuma tsohon zance ne: Suratul Anbiya, aya ta 78 da 79, ta kawo shari'ar da Annabi Dawuda da Annabi Sulaimana suka yi a kan irin wannan. A Muwaɗɗa kuma akwai hukuncin da Ma'aiki ya yanke a kan taguwar Bara'u ɗan Azib, cewa tsaron gona da rana yana kan mai gona, ɓarnar dare kuwa tana wuyan mai dabba. Haka nan hawa gawon da wani ya yi shekara goma sha biyar yana raino, a sassare shi har ƙololuwa cikin dare, ba sassabe ba ne, kisa ne.

Abin da ya kamata ɓangarorin biyu su tuna shi ne yadda Allah Ya ɗaure su da igiya ɗaya. Irin gawo yana da taurin ɓawo, ya fi saurin tsirowa in ya bi ta cikin dabba ya fito tare da taki. Saniyar da ka hana wucewa ita ce ta shuka gawon da ke gonarka. Takin da take bari kuma shi ne yake rage ƙarfin ƙuduji. Wanda ya toshe burtali ya rage gawon jikokinsa, ya ƙara wa ƙuduji wuri, ko bai sani ba.

Da muka fito daga maƙabartar, a bakin ƙofa akwai wata magarya, daga ita aka tsinko ganyen da aka yi wa mamacin wanka, kamar yadda sunna ta koyar. Sunan garinmu da sunan wannan itace ɗaya ne. Kuma da sunanta malamanmu suka fassara Sidratul Muntaha, suka ce magaryar tuƙewa, wadda aka ambata a Suratun Najmi, inda Shugaban halitta ya kai a daren Mi'iraji. A wannan matsayi da babu wanda ya taka, yabon da Allah Ya yi masa a aya ta 17 yabo ne na ladabi: ganinsa ya tsaya inda aka tsayar da shi. Na daɗe a gindin magaryar nan ina tunanin wannan, har abokan tafiya suka kira ni mota za ta tashi.

Ina roƙon muƙaddamai, musamman na ƙauyuka, in an cire amfanin gona bana, kafin a saki dabbobi, kowace zawiya ta sa rana ɗaya a fita tare da dattawan da suka san tsofaffin iyakoki, a taka burtalin gari da ƙafa daga farko har ƙarshe, a gayyaci arɗo da mai gari. Wanda ya ga gindin gambar kakansa a tsakiyar gonarsa, kada a kunyata shi a gaban jama'a, a ba shi lokaci, a taimaka masa da abin da zai rage asarar.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana shuka da dabba, Ya jiƙan dattijon nan da ya riga mu, Ya sa kabarinsa ya fi wajen kabarinsa fure. Allah Ya ƙara tsira da aminci ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Amin.